Da Na Sani Ƙeya Ce: Ƙorafin Bayan Wasa a Ƙwallon Jami'o'in Amurka

Ran Litinin 2 ga watan Janairu na shekarar 1984, da dare, a filin wasa na Orange Bowl da ke birnin Mayami a ƙasar Amurka, saura daƙiƙa 48 a tashi, wani mutum dogo mai ƙarancin magana da ake kira Tom Osborne ya yanke wata shawara wadda har yau, bayan shekara 40 da ɗoriya, mutanen Jihar Nebaraska ba su gama tattauna ta ba. Shi ne mai horar da 'yan ƙwallon Jami'ar Nebaraska. Yaransa suna da maki 30, 'yan Jami'ar Mayami kuwa suna da 31. Hanya biyu ce a gabansa. Ko dai ya sa a buga ƙwallo ta tsakanin turaku, abin da ba a cika kuskurewa ba, a sami maki ɗaya a tashi kunnen doki, wanda kusan kowa ya yi imani zai ishe shi zama zakaran ƙasa. Ko kuwa ya yi kasada ya nemi maki biyu, in ya samu ya yi nasara fes, in ya rasa ya rasa duka. Ya zaɓi kasadar, ya kuwa rasa.

Mai karatu ya san yadda abin yake a duk inda ake wasa. Da zarar an cinye ƙungiya sai kowa ya zama gwani, da wanda ya je fili da wanda ya ji a rediyo da wanda aka ba labari. Amurkawa har suna suka raɗa wa irin wannan mutum, suna ce masa madugun safiyar Litinin, watau wanda ya yi zamansa a kujera ranar wasa, sa'an nan ya zo wurin aiki ran Litinin yana bayanin yadda zai yi da shi ne a fili. Ƙorafin kuwa ba ya wuce iri biyu. Na farko a ce koci ya yi wauta. Na biyu a ce da wane bai ji rauni ba da ba haka ba. Za mu ɗauki wasanni huɗu da suka auku tsakanin 1966 da 2014, mu duba inda ƙorafin ke da tushe da kuma inda ya zama ihu bayan hari.

YADDA WASAN YAKE

Kafin mu yi nisa ya kamata a san cewa wannan ba ƙwallon ƙafar da muka saba ba ne. Ƙwallon nasu dogo ne mai kama da ƙwai, da hannu ake ɗaukarsa a ruga, ko a jefa wa abokin wasa. Mutum 11 ne a kowane gefe, sanye da hular kwano da matasan kafaɗa, gama kokawa da karo su ne rabin wasan. Tsawon fili yadi 100 ne, ana kuwa yin wasan kashi huɗu, kowane kashi minti 15. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da yunƙuri huɗu ta ci gaba da yadi 10. In ta kasa, ƙwallo ya koma hannun abokan karawa. Wanda ya ƙetare layin ƙarshe da ƙwallo ya sami maki 6. Daga nan sai a ba ƙungiyarsa zaɓi: ta buga ta tsakanin turaku ta ƙara maki ɗaya, ko ta sake ƙetare layin daga yadi 3 ta ƙara maki biyu. Wannan zaɓi na maki biyu a 1958 aka shigo da shi wasan jami'o'i. Bugu ta tsakanin turaku a tsakiyar wasa kuwa maki 3 ne. Ɗan wasan da ke karɓar ƙwallo a kowane yunƙuri, ya jefa ko ya miƙa wa mai gudu, shi za mu kira madugu, don kuwa shi ne jagoran ayari.

'Yan wasan ɗalibai ne, galibinsu tsakanin shekara 18 da 23, kuma a zamanin wasannin da za mu ambata ba a biyansu albashi, sai dai a ɗauke musu kuɗin makaranta da masauki da abinci. Sai a 2021 aka halatta musu samun kuɗin talla da sunayensu. Amma fa kada a raina abin don an ce na ɗalibai ne. Filin Jami'ar Mishigan yana ɗaukar mutum fiye da 100,000, a Nebaraska kuwa tun 1962 aka soma jerin wasannin gida da tikiti ke ƙarewa ƙaf. Abu na ƙarshe da za a riƙe shi ne, kafin 1996 ba a ƙarin lokaci a wasannin kaka, in an yi kunnen doki an yi ke nan. Zakaran ƙasa kuwa 'yan jarida da masu horarwa ne ke zaɓensa ta hanyar ƙuri'a bayan an gama wasanni.

DAREN MAYAMI

Nebaraska ta shiga wasan nan tana ta ɗaya a ƙasa tun farkon kakar 1983. Ta yi wasa 12 ta cinye duka, tana zuba maki 52 a kowane wasa in aka daidaita lissafi, har ta taɓa yi wa Minesota 84 da 13. Tana da madugu Turner Gill, da mai cafke ƙwallo Irving Fryar, da mai gudu Mike Rozier wanda ya ci yadi 2,148 a kakar ya kuma karɓi kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i. Mayami kuwa, ƙarƙashin Howard Schnellenberger, ta biyar take, Filorida ma ta lallasa ta 28 da 3 a wasan farko kafin ta farfaɗo ta ci 10 a jere. Sai dai a filin da ta saba wasan gida za a kara. Daɗin daɗawa, a wannan yini Jojiya ta ka da Tekzas mai matsayi na biyu da ci 10 da 9, aka kuma casa Ilinoi mai matsayi na huɗu, saboda haka kambun ya zama a fili yake ga duk wanda ya yi nasara.

Kafin a ce kwabo Mayami ta yi gaba da 17 ba ko ɗaya, madugunta Bernie Kosar yana jifa kamar mai harbi da baka. A nan Osborne ya yi kasadarsa ta farko, wadda masu ƙorafi kan manta. Ya sa aka ajiye ƙwallo a ƙasa da gangan, Gill ya yi kamar yana hannunsa ya ja hankalin masu tsaro gefe guda, sai wani ƙato daga cikin masu tare gaba, Dean Steinkuhler, ya sunkuce shi ya ruga yadi 19 ya ƙetare layi. Da ɗan Mayami ne ya riga shi ganin ƙwallon nan, da an ce Osborne ya yi wasan yara a ranar da ba ta wasa ba. Tun da dabarar ta ci, sai aka ce hikima ce.

Bayan hutun rabin lokaci Nebaraska ta rama, aka yi 17 da 17, amma Mayami ta sake tserewa zuwa 31 da 17. Ana cikin haka Rozier, wanda ya riga ya ci yadi 147 a daren, ya ji rauni a idon sawu ya fita, bai kuwa dawo ba. Wanda ya maye gurbinsa, Jeff Smith, ya ƙetare layi a kashi na huɗu, aka buga maki ɗaya ya zama 31 da 24. Mayami ta sami damar rufe zance da bugun maki 3, ta kuskure. Nebaraska ta taso a yunƙurin ƙarshe. Gill ya jefa wa Fryar ƙwallo yana shi kaɗai a bayan layi, ƙwallon ya suɓuce daga hannun wannan gwani da bai saba yarwa ba. Sai ga shi an zo yunƙuri na huɗu, ana bukatar yadi 8, Gill ya miƙa wa Smith, ya ruga yadi 24 ya ƙetare. Ya zama 31 da 30. Osborne bai yi jinkiri ba ya ce a nemi biyu. Gill ya gangara dama ya jefa wa Smith, sai wani mai tsaron Mayami, Kenny Calhoun, ya miƙa hannu ya taɓa ƙwallon da yatsu ya kauce. Da aka yi ƙuri'a Mayami ta zama zakara karo na farko a tarihinta, Nebaraska ta biyu.

Masu suka suka ce mutumin nan ya yar da abin da ke hannunsa. Shekara 11 yana riƙe da ƙungiyar bai taɓa cin kambu ba, ga shi an kawo masa har ƙofar gida, ya ƙi miƙa hannu. Shi kuwa Osborne, abin da ya bayyana shi ne bai ga dalilin da zai nemi kambu ta hanyar kunnen doki ba, ya fi son a ci shi a fili ba tare da wata jayayya ba. Jaridu da yawa suka yaba masa, har aka wayi gari faɗuwar nan ta ƙara masa daraja a idon jama'a.

To, a nan akwai suka guda ɗaya mai nauyi, wadda ba ta dogara da sanin ƙarshen labari ba. Masu lissafi suka ce in dai Osborne ya san ba ya son kunnen doki, to wurin kasada shi ne ƙetarewar farko ta Smith, sa'ad da maki ya zama 31 da 23. Da ya nemi biyu a nan ya samu, ya zama 31 da 25, ƙetarewa ta gaba da bugu mai sauƙi sun ba shi 32, ya yi nasara. Da kuwa ya rasa, yana da sauran dama ya nemi biyu a karo na gaba ya tsira da 31 da 31. Watau da ya yi haka yana da kibiya biyu a kwari, amma da ya jinkirta sai ya rage masa guda. Wannan lissafi ne da ake iya yi tun ana cikin wasan, saboda haka suka ce ta gaskiya.

Batun raunin Rozier kuwa, duk wanda ya ce da yana nan da an ci, sai a tuna masa cewa wanda ya maye gurbinsa ne ya kawo maki 12 daga cikin 13 na ƙarshe. Kuma ƙwallon da ya fi ciwo a daren nan daga hannun Fryar ya faɗi, shi kuwa lafiyarsa ƙalau.

WANDA YA ZAƁI KUNNEN DOKI

Don a gane cewa ba hanyar da koci zai bi ya kuɓuta daga baki, sai mu koma baya shekara 17, zuwa 19 ga watan Nuwamba na 1966. A wannan rana Jami'ar Notre Dame, ta ɗaya a ƙasa, ta je baƙunci garin East Lansing wurin Jami'ar Jihar Mishigan, ta biyu, ba wadda aka taɓa ci a cikinsu a kakar. Tun kafin a soma masifa ta faɗa wa baƙin. Babban mai gudunsu Nick Eddy ya zame yana saukowa daga jirgin ƙasa ya fama ciwon kafaɗa, bai buga ba sam. A kashin farko wani ƙaton mai tsaro, Bubba Smith, ya maka madugunsu Terry Hanratty da ƙasa, kafaɗarsa ta goce. Ba a jima ba George Goeddeke, wanda ke miƙo ƙwallo daga tsakiya, shi ma ya fita. Aka bar ragama a hannun Coley O'Brien, yaron da ba a daɗe da gano yana da ciwon sukari ba.

Duk da haka Notre Dame ta taso daga 10 ba ko ɗaya ta rama, aka yi 10 da 10. Saura minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi ƙwallo ya dawo hannunta a yadi 30 na gefenta. Kocinta Ara Parseghian ya ƙi yarda a yi ta jifa mai nisa, ya sa aka riƙa gudu da ƙwallo a ƙasa har lokaci ya cika. Jama'ar fili suka yi masa ihu, Dan Jenkins na mujallar Sports Illustrated ya yi masa ba'ar da ta bi shi shekara da shekaru. Aka ce matsoraci ne. Hujjarsa ita ce yaransa sun yi fama da raunuka sun ramo maki 10, madugunsa ya galabaita, in aka cafke jifa ɗaya a wannan wuri abokan karawa za su buga maki 3 su tafi da komai, shi kuwa ba zai zubar da wahalar yaran nan a banza ba. Mako guda bayan haka Notre Dame ta yi wa Jami'ar Kudancin Kalifoniya 51 ba ko ɗaya, aka zaɓe ta zakara, alhali Alabama da ta cinye wasanninta 11 duka ta ƙare ta uku.

Mai karatu ya dubi mutanen nan biyu. Parseghian ya yi taka-tsantsan ya sami kambu, amma har ya rasu a 2017 ana tambayarsa dalilin da ya sa bai yi kasada ba. Osborne ya yi kasada ya rasa kambu, aka yi ta tambayarsa dalilin da ya sa bai yi taka-tsantsan ba. In aka duba da idon basira kowannensu ya yi aiki da abin da ke gabansa: ɗaya yana da nisan yadi 70 da ƙungiyar da rauni ya ɗaiɗaita, ɗaya yana da nisan yadi 3 da ƙungiyar da ta fi kowa iya zuba maki a ƙasar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

DA WANE BAI JI RAUNI BA

Babu inda wannan magana ta yi tsawon rai kamar a Jihar Tekzas. Ran 7 ga Janairu na 2010, a filin Rose Bowl na garin Pasadena, Jami'ar Tekzas ta kara da Alabama a wasan ƙarshe na cin kambu. Madugun Tekzas, Colt McCoy, ya ci wasa 45 a zamansa na jami'a, abin da ba madugun da ya taɓa yi kafinsa. A yunƙuri na biyar kacal da ƙungiyarsa ta yi, wani mai tsaron Alabama, Marcell Dareus, ya buge shi a kafaɗar dama, jijiya ta matse, hannun jifarsa ya mutu. Bai sake shiga ba. Aka sa Garrett Gilbert, yaro ɗan shekarar farko wanda bai taɓa fara wasa a jami'a ba.

Saura daƙiƙa 15 a tafi hutu, Alabama na gaba da 17 da 6, ƙwallo na hannun Tekzas a gefenta. Maimakon a bar lokaci ya cika a je a huce, masu horarwa ƙarƙashin Mack Brown suka ce a yi wata 'yar gajeriyar jifa ta ƙasa-ƙasa, irin wadda ake ɗauka ba ta da haɗari. Ƙwallon ya yi tsalle daga hannun mai karɓa, Dareus ɗin nan dai ya cafke ya ruga yadi 28 ya ƙetare, aka tafi hutu 24 da 6. Bayan hutu Gilbert ya nutsu, ya jefa wa Jordan Shipley sau biyu suka ƙetare, ya zama 24 da 21, kafin a buge shi ƙwallo ya suɓuce ana saura minti uku. Aka tashi 37 da 21.

Ƙorafin jifar nan yana da ɗan tushe, gama mai riƙe da yaro sabon shiga, saura daƙiƙa 15, ga nisa, abin da zai samu kaɗan ne in an gwada da abin da zai iya rasawa. Amma maganar da McCoy bai fita ba da Tekzas ce zakara, wannan ba mai iya tabbatar da ita ko ƙaryata ta. Alabama ta Nick Saban ita ma da ta ga McCoy a fili da ba haka za ta tsara wasanta ba. In aka cire dutse ɗaya daga dara, ba gidan nan kaɗai ke sauyawa ba, duk wasan ne. Tambayar da ta fi amfani ita ce wane shiri aka yi wa na biyu kafin ranar, tun da yake ba a fafe gora ranar tafiya.

Osborne da kansa ya ba da misalin wannan a kakar 1994. Bayan ya sha kashi a wasan ƙarshen kaka shekara bakwai a jere, har ana cewa ba zai taɓa cin babban wasa ba, sai madugunsa Tommie Frazier ya kwanta da gudan jini a ƙafa. Na biyu, Brook Berringer, ya karɓa, shi ma huhunsa ya sami rauni, har aka fara wani wasa da na uku, Matt Turman. Duk da haka ba a ci Nebaraska ko sau ɗaya ba. Ran 1 ga Janairu na 1995 ta koma filin Orange Bowl ta sake karawa da Mayami. Tana baya da 17 da 9 a kashi na huɗu ta ƙetare layi, Osborne ya ce a nemi biyu, Frazier da ya warke ya jefa wa Eric Alford ya cafke, aka yi 17 da 17, daga bisani ta ci 24 da 17. Ya ƙara kambu a 1995 da 1997, ya yi ritaya da nasara 255 cikin shekara 25. Mahaƙurci mawadaci.

INDA ƘORAFI YA ZAMA WAJIBI

Duk abin da muka faɗa a sama magana ce ta maki da kambu, abin da in an rasa bana ana iya samu baɗi. Akwai kuwa wata irin shawara da koci kan yanke wadda kuskurenta ba ya gyaruwa, ita ce ta lafiyar ɗan wasa.

Ran 27 ga Satumba na 2014, a garin Ann Arbor, Minesota ta ci Jami'ar Mishigan 30 da 14. Wannan jami'a dabam take da Jami'ar Jihar Mishigan da muka ambata ɗazu. Madugunta a ranar, Shane Morris, ɗan shekara ta biyu, ya riga ya ji ciwo a idon sawu yana ɗingishi. A kashi na huɗu wani mai tsaro ya kai masa karo a haɓa bayan ya saki ƙwallo, har alƙalin wasa ya hukunta laifin. Yaron ya miƙe yana tangaɗi, sai da abokin wasansa ya tallafe shi. Masu kallo a talabijin duk sun gani, masu sharhi suna ta cewa a fitar da shi. Ya ɗaga hannu alamar ba komai, aka bar shi ya ƙara yunƙuri ɗaya kafin a cire shi. Jim kaɗan hular kwanon wanda ya canje shi, Devin Gardner, ta fita, doka kuwa ta ce sai ya fita na yunƙuri ɗaya. Sai aka sake tura Morris cikin fili, ba tare da likita ya duba kansa ba.

Koci Brady Hoke ya ce bai ga karon ba, ya ɗauka tangaɗin na ciwon ƙafa ne, kuma har ran Litinin yana gaya wa 'yan jarida cewa a iya saninsa ba a ce yaron ya bugu a ƙwaƙwalwa ba. Cikin daren Talata shugaban sashen wasanni na jami'ar, Dave Brandon, ya fitar da takarda yana amsa cewa ga alama yaron ya sami buguwar ƙwaƙwalwa mara tsanani, kuma an sami mummunan rashin fahimtar juna tsakanin likitoci da masu horarwa a bakin fili. Ɗalibai suka yi gangami har ƙofar gidan shugaban jami'a. Brandon ya yi murabus ran 31 ga Oktoba, aka kuma sallami Hoke ran 2 ga Disamba bayan kakar da ya ci wasa 5 aka ci shi 7.

Haɗarin abin shi ne, wanda ƙwaƙwalwarsa ta bugu in ya sake buguwa kafin ya warke, tana iya kumbura, abin ya kai ga naƙasa ko rasa rai. Kuma yaro mai neman suna ba zai taɓa cewa a cire shi ba, balle wanda kansa ke juyawa bai ma san halin da yake ciki ba. Saboda haka ɗaga hannun da Morris ya yi ba hujja ba ne. A nan ƙorafin jama'a ya haifi ɗa mai ido. Jami'ar ta sa ma'aikacin lafiya a saman fili yana duban hoton talabijin yana magana da na ƙasa, daga kakar 2015 kuma manyan rukunonin jami'o'i irin su Big Ten da SEC suka soma ajiye mai sa ido na lafiya wanda ke da ikon sa a tsai da wasa in ya ga ɗan wasa ya bugu a ka.

ABIN DA ZA A RIƘE

Dokoki sun sauya tun daga zamanin Parseghian da Osborne. Ƙarin lokaci ya kawar da kunnen doki, tun 2014 kuma ta hanyar wasannin sili-ɗaya-ƙwale ake fitar da zakara, da ƙungiya huɗu da farko, sa'an nan 12 daga 2024. Amma halin ɗan Adam na yin shari'a bayan an tashi yana nan daram, ba kuwa laifi ba ne, yana daga cikin daɗin kallon wasa. Sai dai kafin mutum ya ɗora wa koci laifi, ya kyautu ya tambayi kansa abin da mutumin ya sani a daidai lokacin da ya yanke shawarar, da kuma ko shi mai sukar zai faɗi haka da abin ya yi kyau. Da yatsun Calhoun sun gaza da inci ɗaya, da yawa daga cikin waɗanda suka zagi Osborne da su ne a gaba wajen yi masa kirari.

Idan kuwa aka zo ga yaron da ke tangaɗi a tsakiyar fili, to babu bukatar a jira ƙarshen wasa ko safiyar Litinin. Ko da Mishigan ce ta yi nasara a ranar nan, mayar da Morris fili kuskure ne, kuma wajibi ne a faɗa. Iyaye sun ba da 'ya'yansu amana ne su yi karatu su yi wasa, ba wanda ya aiko ɗansa don ya koma gida da ciwon da zai bi shi har tsufa. Allah ya kiyaye mana 'ya'yanmu a duk filin da suke.